Ki Karɓi Tauraron, Uwani

Panshekara, Kano.
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun azahar nake jin ƙarar akwatin da kike ta buɗewa kina rufewa. Allah Ya kai ki lafiya ran Asabar, Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a jami'ar da ta ɗauke ki aiki.

Za ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa ga wadda suke cin tuwon tukunya ɗaya. Kin san dalili. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma duk lokacin da na zaunar da ke zan yi miki faɗa sai ki sunkuyar da kai irin yadda take yi, faɗan ya gudu ya bar ni da "Allah Ya yi miki albarka." Takarda ba ta sunkuyar da kai. Gobe da safe zan ba mahaifiyarki ta miƙa miki, ki karanta kafin Alhamis.

Jiya da kika kawo mini ruwan alwala na tambaye ki labarin maƙalar da kuka rubuta ke da malaminki, a kan ruwan da masana'antun jima suke saki cikin kogin Challawa. Kika ce an gama, jibi Alhamis za ki kai masa kofen ƙarshe a aika wa mujalla. Sai kika ƙara, kamar wadda take ba da labarin farashin gishiri, cewa ya ce a ɗora ɗan tauraron nan a kan sunanki, wato alamar da ke nuna wanda duk mai tambaya ko ƙorafi zai rubuto wa, da adireshinsa a ƙasan shafi. Ke kuma za ki roƙe shi ya bar shi a kan nasa. Kika ce, "Baba, ai ba shi da wani amfani. Masu ƙarin girma ƙirga takardu kawai suke yi, ba ruwansu da tauraro."

Na karɓi butar na ci gaba da alwalata. Amma ni na raine ki, Uwani. Kin faɗi wannan magana idonki yana kan tabarma. Ba ƙarin girma ne a ranki ba, ni ne. Masana'antar da nake wa aiki tana cikin waɗanda kika ɗebi ruwansu. Kin san ana ta rage ma'aikata tun daga Sharaɗa har Bompai, kin ga maƙwabtanmu nawa ne suke zaune a ƙofar gida da rana tsaka. Lissafinki shi ne, in tauraro yana kan malaminki, masu masana'anta da shi za su yi rigima, ke kuwa a ɗauke ki ɗalibar da ta wanke kwalabe, a ƙyale ubanki. Na gode da wannan tausayi, har cikin raina na ji shi. Amma ban karɓa ba. Zan gaya miki dalili, kuma dalilin ba ya yi mini kyau.

Kin san kakanki majemi ne a cikin birni, na tashi hannuna rine da bagaruwa. Bayan yaƙin basasa, kina 'yar firamare, na samu aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar jima a Bompai. Aikina in auna ruwa, in auna magani, in yanki guntun fata in ja shi a inji in ga inda zai tsinke. Ina cikin haka wani malamin jami'a, Dakta Lawal, ya zo da wani tunani da ya tsaya mini a rai: a gwada ko bagaruwarmu za ta iya maye gurbin wani kaso na maganin jima da ake sayowa daga Turai, ba a kwatarniya irin ta kakanki ba, a cikin manyan duram ɗin masana'anta, gangunan nan da ake juya fata da magani a ciki. Shekara biyu muka yi a kai. Shi yana zuwa ran Asabar da littafinsa. Ni da Bulus kuwa kullum muna nan. Kin san Bulus, mutumin Zonkwa mai juya duram, wanda yake kawo mana citta duk Kirsimeti. Shi yake loda fata, ni nake auna ruwa, mu biyu muke shan warin.

Da aka gama, Dakta ya rubuta maƙalar, ya sa sunansa ya sa nawa. Ran da ya kawo ta in gani, ya ɗora biro a ƙasan shafin farko ya ce, "Malam Garba, adireshin wa za mu sa a nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ni ina adireshi? Naku mana."

Ya ce, "Ka tabbata? Kai ka san aikin nan da hannunka."

Na ce, "Haba, ranka ya daɗe."

Har ga Allah na ɗauka ladabi na yi. A gidanmu ba ka buga alamarka a fata maigida yana raye, da wannan tarbiyya na amsa masa. Ban tambaye shi mene ne amfanin adireshin ba. Na ji kunyar ya gane ban sani ba.

Bayan shekara uku na je jami'arsu gaishe shi. A lokacin an ɗora masa shugabancin sashe, daga wannan taro sai wancan. Ina zaune ina jiransa, akawunsa ya ji sunana ya ce, "Au, kai ne na takardar bagaruwa? Akwai kayanku a nan." Ya jawo wani kwalin madara daga ƙarƙashin tebur. Uwani, cike yake da katuna da wasiƙu daga ƙasashen da wasunsu sai da na nema a taswira. Yawancinsu kofen maƙalar suke roƙo. Wasu kuwa tambayoyi ne: zafin ruwan nawa ne, awa nawa fatar take yi a duram, fatar akuya ce ko ta tunkiya. Tambayoyin da zan amsa ina cin goro. Dakta bai amsa ba, ba don mugunta ba. Ba shi da lokaci, kuma rabinsu ba shi da amsar, don ba shi ya tsoma hannu ba. A can ƙasan kwalin na samu wata daga wata makarantar koyon aikin fata a Ingila, suna tambaya ko ma'aikacin da ya yi gwajin zai so zuwa kwas na shekara guda. Na duba kwanan wata. Shekara biyu ke nan da rufe karɓar suna.

Na dawo Kano a mota, na wuce ɗaki na kwanta. Mahaifiyarki ta ɗauka zazzaɓi ne, ta dafa mini ganyen darbejiya, na kuwa shanye don ya fi sauƙi a kan bayani.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: kada ki ƙi abu don ladabi alhali ba ki san mene ne shi ba. In babba ya miƙo miki abu, ki tambaye shi nauyinsa da amfaninsa, sannan ki ce e ko a'a. A wurin aikin da za ki je za su yi ta miƙo miki abubuwa da sunaye masu daɗin ji, wasu alheri ne, wasu wahala ce aka naɗe a takarda mai kyau. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Malaminki ya ba ki tauraron nan da bakinsa, kamar yadda Dakta ya ba ni har sau biyu. Kada ki ce masa "haba, ranka ya daɗe."

Da a nan labarin ya tsaya, da ni ne abin tausayi a cikinsa, kuma da na daɗe da ba ki shi. Saura ne ya sa na yi shiru.

Na koma wata masana'anta a Challawa, wannan da nake ciki har yau, Bulus ya biyo ni. Muka ci gaba da gwajin, wannan karon da ƙirgin shanu. Da lokacin rubutu ya yi, na je wurin Dakta da fushin shekara uku a cikina. Ban ko gama gaisuwa ba na ce masa wannan karon tauraro nawa ne, in ba haka ba a bar aikin. Na faɗi maganganu a kan kwalin madara da kwas ɗin Ingila waɗanda bai kamata a faɗa wa mutumin da ya ɗauko ka daga bakin famfo ya sa sunanka a mujalla ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Malam Garba, ai na tambaye ka sau biyu." Ya gyara mini Turancin maƙalar tsaf, ya sa mini tauraron, ya sa akwatin gidan waya na masana'antarmu. Daga nan zumuncinmu ya koma gaisuwar Sallah.

Ina can ina kokawar tauraro, ban lura da wanda babu shi a shafin gaba ɗaya ba. Ran da mujallar ta iso na kai wa Bulus bakin duram ina washe baki. Ya goge hannu a rigar aikinsa, ya karɓa, ya duba sama ya duba ƙasa, ya juya bayan shafin. Ya ce, "Malam Garba, duba mini da kyau, ko sunana ya faɗa cikin duram ne?" Ya yi dariya, na yi dariya. Shi ne ya gano cewa in aka rage gudun duram fatar ta fi shan bagaruwa, rabin maƙalar a kan wannan take. Ko a layin godiya ban sa shi ba. Bai sake tayar da maganar ba, kuma cittar Kirsimeti ba ta daina zuwa ba, wannan ya fi yi mini ciwo a kan da ya zage ni.

Don haka kafin ki kai kofen nan ran Alhamis, ki zauna ki duba shafin farko da na ƙarshe. Matar nan ta ɗakin gwajinku da kika ce ta koya miki injin auna kurom, sinadarin jimar nan da ke gurɓata ruwa, tana ciki? Mai kwalekwalen da ya riƙa kai ki tsakiyar kogi fa? In ba su cancanci sama ba, ƙasa akwai wuri. Mutum in ya zuba wa sunansa ido, sai ya daina ganin na kusa da shi.

To, na samu abin da nake so. Katuna suka fara zuwa da sunana. Masinja yana shigowa ɗakin gwaji yana cewa, "Malam Garba, yau ma Turawanka sun gaishe ka." Na riƙa liƙa su a bango, duk wanda ya shigo sai na san yadda na yi ya kalli wajen. Kan sarkin kuwa ke nake kawo wa, kina liƙawa a bayan littafin lissafinki, kin tuna? Katunan ba su da wuya, ka sa kofe a ambulan ka aika. Wasiƙu ne suka zame mini aiki, don su sai ka zauna ka rubuta amsa da Turancinka. Ni kuwa Turancin maƙalar na Dakta ne. Nawa na ɗakin gwaji ne, yana kai ni inda za ni amma yana ɗingishi. Na riƙa jin duk wanda ya karanta amsata zai gane ba ni na tsara waɗancan jimlolin ba. Sai na buɗe wa wasiƙun aljihun tebur na ƙasa, wai sai na samu natsuwa.

Wata rana shuɗiyar takardar jirgi ta zo daga Kenya. Wani ɗalibi ne, Mwangi, yana neman digiri na biyu. Ya ce ya samo bagaruwa da ƙyar daga arewacin ƙasarsu, ya bi hanyarmu daki-daki, amma ruwan jimar yana yin tsami yana kumfa, fatar tana fitowa baƙa da tabo. Ya tambaya cikin ladabi ko akwai abin da yake yi ba daidai ba.

Kafin in kai ƙarshen wasiƙar na san amsar. Har dariya na yi. Na fita wurin Bulus na ce, "Ka ji wani ɗan boko, ya niƙa bagaruwa da 'ya'yanta!"

Bulus bai yi dariya ba. Ya ce, "To kai ka rubuta a takardar cewa a cire?"

Na koma na ɗauko mujallar. Na karanta sau uku. Mun rubuta a samu busasshiyar bagaruwa, a daka, a jiƙa. Babu inda muka ce a sheƙe a fitar da 'ya'yan. Wa zai rubuta wannan? Tun ban iya tsarki ba nake ganin kakarki, mai sunanki, tana daka bagaruwa a turmi tana bakacewa a faifai, 'ya'yan suna gangarawa gefe awaki suna bi. A wurina wannan ba ilimi ba ne, kamar ka rubuta wa mutum ya buɗe baki kafin ya ci abinci. Dakta kuwa garin da aka riga aka tankaɗe kawai ya taɓa gani.

Bulus ya ce, "Rubuta masa mana. Layi biyu ne."

Na ce gobe.

Abu biyu suka riƙe mini hannu, kuma zan faɗe su yadda suke. Ɗaya Turancin nan. Ɗayan ya fi muni: in na amsa, na yarda da bakina cewa maƙalar da na yi faɗa a kanta, wadda katunanta suke bangona, tana da rami a tsakiya. Na sa wasiƙar a aljihun tebur.

Bayan wata uku ta biyu ta zo. Ya sake gwadawa sau huɗu, ya canja ruwa, ya canja fata. Bulus ya ga shuɗiyar takarda a hannun masinja ya ce, "Mutuminka ne?" Na ce ina kan rubutawa. Ƙarya nake yi.

Ta uku ta zo bayan damina. Gajeriya ce. Ya ce malamansa sun yanke cewa ko dai hanyar ba ta aiki ko shi ne bai iya ba, sun umarce shi ya bar batun ya faro wani daga farko. Shekara ɗaya da rabi ta tafi, kuma bai san ko masu ɗaukar nauyin karatunsa za su jira shi ba. A ƙarshe ya rubuta abin da har yau ban manta ba. Ya ce bai zarge ni ba, ya san wataƙila wasiƙunsa ba sa isowa.

Suna isowa, Uwani. Duka ukun sun iso. Suna cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, shekara tara ke nan.

Yanzu bari in amsa maganarki ta jiya, ko tauraro yana da amfani ga mai aikin jami'a. Ni ban taɓa zama a kwamitin ƙarin girma ba, ba zan yi miki ƙaryar sani ba. Mai yiwuwa gaskiyarki ce, su ƙirga takardu su duba sunan da ya zo farko su wuce. In don su ne kawai, ki bar shi, ba abin da za ki rasa a bana. Amma aikin jami'a ba bana kaɗai ba ne. Na ga kwalin madara da idona. Gayyata da tambaya da neman haɗa aiki duk adireshin nan suke bi, kuma wanda yake amsawa shi mutane suke sani. Bayan shekara goma, in an ce wa ya san ruwan Challawa, sunan wanda ya riƙa amsa wasiƙu za a kira.

Sai dai kada ki karɓe shi yadda na karɓa, don a gani. Kin sha ganin lambar da muke bugawa a wuyan kowace fata kafin ta bar masana'anta. Ba ado ba ce. Don in mai takalmi ya yanka ya ga ta lalace ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ne. Tauraron nan haka yake. Wanda ya ɗora shi a kan sunansa ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba alkawari cewa in sun rubuto zai amsa. Ni na yi alkawarin na saɓa, wani ɗan mutane ya biya.

Taki maƙalar kuwa ta fi tawa buƙatar mai amsawa. Za a rubuto a ce alƙalumanku ƙarya ne. Za a ce a ranar da kika ɗebi ruwan an samu matsala ne, ba kullum haka yake ba. Wa ya san a wace kwana ta kogi aka cika kowace kwalba? Wa ya san ranar da ake juye duram da ranar da ba a juyewa? Malaminki mutumin kirki ne, amma ba shi ya naɗe zani ya shiga taɓo ba. In irin wannan wasiƙa ta faɗa kwalin wani akawu, masu musu sun ci ke nan, masu lambu a bakin kogi kuma su ci gaba da ban ruwan latas da abin da ni da ke muka san yana ciki. Na ce ni da ke, don shekara da shekaru ina auna ruwan nan kafin ya fita ta magudana, in rubuta a littafi, in rufe littafin in tafi sallah. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa a gaban Allah.

A kofen da za ki kai ran Alhamis, ki sa adireshin sashenku na jami'ar da za ki, kada ki sa na gida. In kin isa, ki nemi wanda yake raba wasiƙu ki gaishe shi da sunansa, ki san 'ya'yansa, don rabin aikinki ta hannunsa zai bi. Wasiƙa in ta zo, kada ta kwana bakwai a teburinki. In ba ki san amsa ba ki rubuta ki ce ba ki sani ba. In sun kama ki da kuskure ki ce na gode, ki aika wa mujallar gyara, kunyar yini ɗaya ce. Littattafan da kika rubuta awon kogi a ciki ki tafi da su, kada ki bar su a nan ɓera ya yi karatu. Kuma kafin Alhamis ki sake karanta yadda kika bayyana aikin, ki nemo abin da kika tsallake don kina ganin kowa ya san shi. Akwai shi, na tabbata. Kowa yana da 'ya'yan bagaruwarsa.

Saura maganar aikina, wadda ita ce ta sa kike kallon tabarma. Na riga ki. Yau da safe na shiga ofishin manaja da ƙafata. Na ce masa nan da 'yan watanni wata maƙala za ta fito a kan ruwan da muke saki, mai rubutun 'yata ce, gara ya ji daga bakina. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Malam Garba, ka san halin da ake ciki. Ƙarshen wata akwai sunayen da za a fitar. Ba za ka yi mata magana ta janye ba? Ko ta bar wa malaminta abin?"

Na ce, "Zan yi mata magana, ranka ya daɗe. Amma kada in yaudare ka, ce mata zan yi ta tsaya a kai. Kuma in kuna so a gyara magudanar, awon shekara tara yana cikin littafina."

Na yi masa sallama na fito. Na je na zauna a kan buhun gishiri. Bulus ya zo ya tsaya a kaina, na gaya masa. Ya ce, "Yau ka makara da shekara nawa?" Na ce da yawa. Ya ce, "To, ka dai iso."

Ban san ko sunana zai fito ƙarshen wata ba. Ina tsoro, don ƙannenki uku suna makaranta. Amma kin ga yanzu ɓoyewarki ba za ta cece ni ba, manaja ya riga ya san 'yar wa ce. In an sallame ni, kwatarniyar kakanki tana nan a cikin birni, baffanki yana ta ƙorafin ba mai taya shi, hannuna kuma bai manta ba. Wari ɗaya ne, ba sabo ba ne a wurina. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in zama dalilin da ya sa kika fara aikinki da ɓuya. Na san inda wannan hanyar take kaiwa, aljihun tebur na ƙasa.

Da na dawo gida ɗazu, kafin in fara taki, na jawo akwatin ƙarfen nan na rubuta wa Mwangi amsarsa. Layi huɗu ce. Na ce a cire 'ya'yan kafin a jiƙa, na ce laifin maƙalarmu ne ba nasa ba, na ce wasiƙunsa duka sun iso kuma ni ne ban amsa ba, na roƙe shi gafara. Turancin yana ɗingishi yadda ya saba, kuma ba zan ba ki ki gyara ba. Gobe zan kai ta gidan waya, zuwa tsohuwar makarantarsa. Wataƙila ta same shi, wataƙila ya daɗe da barin aikin fata saboda ni. Layi huɗun nan minti goma suka ɗauke ni.

Ran Alhamis ki je wurin malaminki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce kin gode kin karɓa. Ran da mujallar ta fito, wasiƙar farko da za ta bi adireshin nan daga Panshekara za ta taso, mai neman kofe ɗaya ne, ma'aikaci ko tsohon ma'aikaci. Zan ƙirga kwanaki in ga ko kin ji maganata.

Allah Ya sa ki sauka lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya ba ki ƙarfin faɗin abin da kika auna. Allah Ya sa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarki ya same ki a ciki. Mahaifiyarki ta ce in gaya miki ta sa yaji da kuka a ƙasan akwati, kada ki ɗora littattafai a kai. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa ubanki abin da kika karanta yau.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba